Masu Neman Tsabar Kuɗin Sifaniya a Gaɓar Fulorida

A gaɓar tekun Fulorida ta Amurka, da zarar guguwa ta lafa sai mutane su fito tun da asuba, kowa riƙe da na'urar gano ƙarfe, yana shafa ta bisa yashi yana kasa kunne. A watan Yulin 1715 guguwa ta nutsar da jiragen ruwan Sifaniya 11 a nan, maƙare da azurfa da zinariya, kuma har yau igiyar ruwa kan tono tsabar kuɗinsu.

Galibi dai marfin kwalba da ƙusa ake samu. Ni waɗanda nake jinjina wa su ne masu kwashe wannan tarkace su kai bola, su kuma cike ramukan da suka haƙa, domin a wannan yashin kunkurun teku ke zuwa yin ƙwai.