Kada Mu Zubar da Ƙyalle



In Kirsimeti ya matso, iyaye da yawa sukan ci bashi domin sabuwar atamfa. 'Yan'uwa, kayan gwanjo ba abin kunya ba ne. Bashi ne ke hana barci.

A Yohanna 6:12-13, bayan taro ya ƙoshi, Yesu ya sa aka tattara ragowar gurasa, har ta cika kwando 12. Ubangiji ba ya son ɓarna.

Uwargida, karɓo ƙyallayen da suka rage wurin tela. Zauna da yara, wannan ya zaɓi launi, wancan ya sa zare a allura, ku haɗa mayafin hunturu. A nan za su koyi tattali.

Ya Uba, ka ba mu wadar zuci. Amin.