Saman Gareji da Ruwan Agusta

Magidanta da dama a Kano sun mayar da saman garejinsu wurin shan iska. Ruwan Agusta na sauka, sai rufin ya fara yoyo a kan mota.

Ruwa yana ratsa kankare ta ƙananan tsagogi, rodi ya yi tsatsa, ya kumbura, ya fasa siminti. Tayil kaɗai ba ya hana wannan. Ƙwararren magini yakan bar kankaren ya yi kwana 28, ya karkata daɓen santimita 2 a kowace mita zuwa indararo. Sannan ya manna shimfiɗar kwalta da wuta, ya haura da ita santimita 15 jikin bango, domin ta kusurwa ruwa ya fi samun kafa.

Kafin a sa tayil, maigida ya nemi a tare ruwa a saman kwana biyu, ya shiga garejin ya duba da idonsa.