Tsohon Jirgi a Bayan Gida

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kristi daga Libreville, babban birnin ƙasar Gabon, inda kogin Komo ya buɗe baki ya shiga teku.

Garin nan na ruwa ne. Ta ruwa masu bishara na fari suka zo daga Amurka a 1842, suka zauna a wurin da a ke kira Baraka. Ta ruwa kuma Faransawa suka kawo waɗansu bayi da suka ƙwato daga jirgin masu fataucin mutane, suka zaunar da su nan a 1849, shi ya sa aka ba garin sunan nan, ma'anarsa garin 'yantattu. Har wa yau masunta da yawa a bakin gaɓar nan baƙi ne daga Nijeriya da Benin da Ghana. Kowa a cikinsu ya sani ruwa ba sa'an kwando ba ne. Ran 9 ga Maris 1923 ba na nufi ba, a zamaninmu ne, ran 9 ga Maris 2023, jirgin fasinja mai suna Esther Miracle ya nutse da dare a kan hanyarsa daga nan zuwa Port-Gentil, mutum wajen 30 suka rasu. Domin wannan in na yi maka zancen jirgi yau, kada ka ce zancen wasa ne.

Jirgin da aka yar

Bara wani maƙwabcina da zai koma ƙasarsu ya bar mini wani tsohon ƙaramin jirgin su, irin na alminiyam, ƙarfen nan mara nauyi da a ke yin tukwane da shi, wanda waɗansu ke kira sanholo. Ya daɗe a kife a bakin ruwa, ciyawa ta rufe shi, yara suna wasa a kansa. Muka ɗauko shi mu huɗu, gama nauyin alminiyam wajen sulusin na baƙin ƙarfe ne, muka ajiye shi a bayan gidana. Ina so in gyara shi domin in riƙa ƙetare ruwa zuwa wurin waɗansu 'yan'uwa masu bi da ke sansanin masunta, in koya wa yaransu, in kuma ɗan jefa ƙugiya domin miyar gida.

Rani a nan daga Yuni ne zuwa Satumba, sa'ad da ku a arewa ku ke tsakiyar damina. Da rani ya shigo na tafi kasuwar Mont-Bouët na sayo fenti shuɗi da buroshi. A raina na ce, kwana biyu ya isa, in shafe shi ya yi kyau, ran Lahadi in shiga ruwa.

Ina cikin buɗe gwangwani sai ga wani tsoho masunci, dattijo a ikilisiyarmu, ya zo wucewa. Ya tsaya ya dubi jirgin, ya dube ni. Ya ce, “Malam, fentin nan na jirgi ne, ko na idon mutane?” Na ce, “Baba, ai sai ya yi kyau tukuna.” Ya ce, “Ɗana, teku ba ta duban fenti. Rufe gwangwaninka, je ka ɗebo ruwa.”

Ruwa ya tona asiri

Ga abin da ya sa na yi. Muka ɗora jirgin bisa katako, ya tashi daga ƙasa kamar kamu ɗaya, muka tokare shi da kyau domin ruwa yana da nauyi. Sa'an nan muka zuba ruwa a cikinsa bokiti bokiti, har ya rufe ƙusoshin ƙasa duka. Tsohon ya miƙo mini alli, ya ce in kwanta a ƙarƙashi, duk inda na ga ɗigo in zana masa da'ira.

Na kwanta ina dariya, ina tsammani zan sami wuri biyu ko uku. Kafin la'asar na zana da'ira 23. Waɗansu ƙusoshin ribiti sun saki, waɗansu wurare kuwa ƙarfen ya huje da ƙananan ramuka, bakin allura ma ya fi su girma. Da na shafa fenti a kansu, da sun ɓuya sarai, da kuwa na ɗauki yara na shiga tsakiyar ruwa da su.

Ya kai mai ji, haka mu ke yi da rayukanmu. Mun iya fenti. Tufa mai tsabta fenti ne, zuwa sujada domin a gan mu fenti ne, sadaka a gaban jama'a fenti ne. Ubangiji Yesu ya taɓa kwatanta irin mutanen nan da kaburbura da aka shafa wa farar ƙasa, kana iya karanta wannan cikin Matta sura 23. Maganar Allah kuwa kamar ruwan nan ta ke. In ka yarda ta shiga cikinka, za ta nuna maka inda ka ke yoyo, wurin da ko matarka ba ta sani ba. Abin da zafi, amma gara ka ga ɗigon a bayan gida da ka gan shi a tsakiyar teku. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Abin da ke cin jirgi a ɓoye

Na tambayi tsohon, na ce, “Baba, an ce alminiyam ba ya tsatsa. Me ya huda shi?” Ya ce in cire katakon da ke shimfiɗe a ƙasan jirgin. Da na ɗaga, sai ga wani guntun wayar lantarki na jan ƙarfe, bai fi tsawon yatsa ba, a kwance cikin laka. Ƙarƙashinsa ƙarfen ya zama farin gari, a nan ne rami mafi muni ya ke. Muka kuma tarar mai jirgin na dā ya ɗaure wurin zama da ƙusoshin tagulla, kewayen kowace ɗaya ya ciwu.

Dalilin ke nan. Gaskiya ne alminiyam ba ya yin jar tsatsa kamar baƙin ƙarfe, gama da iska ta taɓa shi sai ya yi wata fata siririya wadda ke tsare shi. Amma in ƙarfe iri biyu suka taɓa juna cikin ruwan gishiri, sai ƙaramar wutar lantarki ta riƙa gudana tsakaninsu, kamar yadda ta ke yi a cikin batir, ɗaya daga cikinsu kuwa ya riƙa narkewa kaɗan kaɗan. Tsakanin jan ƙarfe da alminiyam, alminiyam ne ke narkewa. Saboda haka masu irin jirgin nan ba su barin ko kwabon jan ƙarfe ya kwana a cikinsa, ba su kuma shafa masa fentin ƙasan jirgi mai haɗe da jan ƙarfe.

Dubi ƙanƙantar abin! Raƙuman ruwa sun yi shekaru suna dukan jirgin nan, bai fashe ba. Guntun waya da aka manta a ƙarƙashin katako shi ne ya kusa hallaka shi. Ka tuna da Akan cikin littafin Joshuwa sura 7, wanda ya binne kayan haram a cikin alfarwarsa, ya jawo wa jama'a duka hasara. To, kai fa, me ke kwance a ƙarƙashin katakonka? Kuɗin amana da ka ci ne? Gaba ce da ɗan'uwanka wadda ta shekara goma? Laya ce da ka ɗinke cikin matashi, kana kuwa amsa sunan Kirista? Ba ya ƙara, ba ya motsi, amma dare da rana yana ci.

Gyara

Aikin da na ce kwana biyu ya ci mana mako bakwai. Muka cire ƙusoshin tagulla duka. Muka kankare tsohon fenti har ƙarfen ya fito fili, da buroshin da ba na baƙin ƙarfe ba, domin kada gutsattsarinsa su maƙale su fara sabuwar ɓarna. Ribitin da ya saki kaɗan, ni ina ciki na danna kansa da ƙarfe mai nauyi, tsohon yana waje yana bugawa da guduma har ya kama. Wanda ya lalace muka huda shi muka fitar, muka sa sabo na alminiyam. Babban ramin kuwa muka yanka faci na alminiyam muka ɗora. Tilas abin gyara ya zama irin jikin jirgin, in ba haka ba maganin ya zama cuta. Sa'an nan muka sāke zuba ruwa, na sāke kwantawa da alli a hannu. Sau uku muka yi haka kafin ƙasa ta zauna a bushe. Bayan wannan duka tsohon ya ce, “Yanzu buɗe gwangwaninka.”

Ƙarfen da a ke ba da shi

Ran da fenti ya bushe, tsohon ya zo da wani abu a aljihu, guntun ƙarfe toka-toka, ba kyan gani, kamar rabin sabulu. Ya ce tutiya ce. Ya kankare fenti a wani ɗan wuri a bayan jirgin, can ƙasa inda ruwa zai rufe, ya ɗaure ta tam da jikin ƙarfen. Na ɗauki buroshi zan shafe ta domin ta yi daidai da sauran, sai ya riƙe hannuna. Ya ce, “Kada ka kuskura. Wannan an sa ta ne domin ta ciwu. Muddin tana nan, cin da zai faɗa wa jirgi a kanta zai faɗa.”

Ka san tsohon batirin tocila, yadda jikinsa ke ciwuwa har ya huje? Jikin nan tutiya ne. Haka ta ke yi a gindin jirgi, ita ce ke narkewa, jirgin ya zauna lafiya. Wani masani na Ingila, Humphry Davy, shi ya gwada dabarar nan a 1824 a jikin jiragen yaƙin ƙasarsu, har yanzu kuwa manyan jiragen da ke tsayawa a tashar Owendo suna ɗauke da irinta.

Na tsaya ina duban guntun ƙarfen nan, hawaye suka zo mini, gama na ga abin da na ke koya wa yara kowace Lahadi. Ko da ka kankare, ka fitar da waya, ka liƙe ramuka, har yanzu cikin ruwan gishiri za ka shiga. Hakkin zunubi yana nan, tilas ya faɗa a kan wani. Kai ba ka iya ɗaukarsa ka rayu, ni ma haka. Domin wannan Allah cikin ƙaunarsa ya aiko Ɗansa. Ya ɗauki jiki irin namu, ya manne da mu, hukuncin da ya wajaba a kanmu ya sauka a kansa bisa gicciye. Annabi Ishaya ya faɗi wannan tun shekaru ɗaruruwa kafin a haife shi, ka nemi sura 53 ka karanta da kanka, a hankali. Ba a ga kyansa ba a ran nan, kamar yadda ban ga kyan tutiya ba, amma ciwuwarsa ita ce lafiyarmu.

Sai dai misali yana da iyaka. Tutiya takan ƙare, in ta ciwu kamar rabi sai a cire a sa sabuwa. Yesu Kristi kuwa sau ɗaya ya ba da kansa, ya isa har abada, a rana ta uku ya tashi, yana da rai yanzu. Ba a sāke shi, ba a ƙara masa kome.

Sai ta taɓa jiki

Saura abu ɗaya, shi ne kuwa ya fi damuna saboda kai. Tsohon ya gaya mini, in ka ajiye tutiya a cikin akwatin kayan aiki a cikin jirgi, ba ta tsare kome. In ka ɗaure ta bisa fenti, ba ta tsare kome. Sai an kankare, ƙarfe ya taɓa ƙarfe.

Wataƙila ka daɗe kana jin shirin nan. Wataƙila an yi maka baftisma tun kana yaro, kana da Littafi Mai Tsarki a akwati, ka san labarin gicciye sarai. Wannan duka tutiya ce a cikin akwati. Ka taɓa zuwa wurinsa ba fenti, ka faɗa masa zunubinka da sunansa, ka jingina ranka gare shi? Bangaskiya ke nan. Sa'ad da Yesu ya kira Yaƙub da Yohanna, a cikin jirgi ya same su suna gyaran taru, da hannuwa masu ƙarnin kifi. Bai jira su yi wanka ba. Kai ma ba ya jira ka gyaru tukuna, shi ne mai gyaran.

Jirgin nan yanzu yana kai ni ƙetare yana komo da ni. Duk sa'ad da muka jawo shi gaɓa nakan sunkuya in dubi tutiyar, in ga ta ƙara ramewa, jirgin kuwa sumul, sai in gode wa Mai Cetona.

In kana so, ka yi addu'ar nan tare da ni yanzu. Ya Ubangiji Yesu, na gaji da shafa fenti. Ka san inda na ke yoyo, ka san abin da na ɓoye. Na tuba, ka fitar da shi. Na gaskata ka mutu a madadina, ka kuma tashi. Ka riƙe ni, kada in rabu da kai, har ka kai ni gaɓa lafiya. Amin.

In ka yi wannan da zuciya ɗaya, kada ka yi shiru. Ka nemi fasto ko malamin ikilisiya da ke kusa da kai ka gaya masa, abin da ke hannunka na wani kuma ka mayar tun yau. Allah ya kiyaye ka, da kai da gidanka, sai mun sāke saduwa mako mai zuwa.