Gyara Gidanka Tun Kana da Rai
Jawabin da aka yi a taron ƙungiyar gari bayan girbi

 

Maganata ta yau ba ta da daɗin ji, amma mutuwa rigar kowa ce. Kowace shekara, da an gama girbi, ƴaƴanmu na Madawa da Buza da Kaita sukan tafi biɗa Abijan ko Legas ko Libiya. Wani ya dawo, wani sai labari. In labarin ya zo, me ya bar wa iyalinsa? Sau da yawa gardama ce.

Dalili kuwa, ƙasa ta yi daraja. Tun da aka fara dasa itatuwan kare iska a kwarin Majiya a 1975, aka kuma buɗe aikin Kaita a 1984, faƙon da aka yar ya koma gona. Ga fadamun albasa. Abin da kakanninmu suka ba da aro da baki, yau a kansa ake kai juna gaban alƙali, marayu su ne a ƙasa.

To, abu huɗu nake roƙonku.

Na farko, gona. Dokar karkara ta 1993 ta yarda da mallakar gargajiya, ta kuma kafa kwamitocin filaye, wato Kofo. Gonar gado ce, ta saye, ta aro ko ta jingina, je wurin maigari da shaidu a yi takarda, a faɗi iyakokinta.

Na biyu, bashi. Ba a raba gado sai an yi jana'iza an biya bashi. Rubuta wanda kake bi da wanda ke binka. Tumakin matarka da ke cikin garkenka, faɗa wa mutane nata ne.

Na uku, wasiyya. Ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yi wa magaji. Amma jikan da ubansa ya riga ka rasuwa ba ya gado in akwai baffanninsa. Shi ya kamata ka tuna da shi. Kyauta kuma, in ka yi wa ɗanka, ka damƙa masa tun kana da lafiya. Wadda ba a karɓa ba har ka mutu, ta koma gado.

Na huɗu, yara. Zaɓi amintacce da zai riƙe dukiyarsu har su yi hankali, ka faɗe shi gaban liman. Ka yi wa kowane yaro takardar haihuwa.

Ga misali. Mutum ya bar jika 400 bayan bashi, da mata, da ɗiya maza biyu da mace ɗaya, iyayensa sun rasu. Matar tana da tumuni, jika 50. Kowane namiji jika 140, macen jika 70. Rabonta ne, har cikin gona. Kada a ce ta yi aure a hana ta.

Wani zai ce yin wannan kiran mutuwa ne. A'a, takarda ba ta rage kwana. Tun ran gini ran zane. Kafin a ɗaura kayan tafiya bana, kowane maigida ya zauna da iyalinsa.

Allah Ya sa mu cika da imani, Ya raya mana zuri'a.