'Ya'yan Dara: Itacen Bakin Teku da Abin da Yake Bukata

 

Yau hirarmu a kan wasu 'ya'yan itace ce da yawancinku kun sha gani a kasuwannin kudu. Masu zuwa Legas, Kwatano, Lome ko Akara kun san su: ƙwallaye masu ruwan toka, sumul, da tauri kamar tsakuwa, girmansu bai fi kan babban yatsa ba. Da su Yarabawa ke wasan ayo, mutanen Gana kuma oware, a katako mai rami 12 da ƙwallo 48, huɗu a kowane rami. Mu kan ce musu 'ya'yan dara, ko da yake darar da muke yi a ƙasa da tsinke ko tsakuwa wasa ce daban. Tambayar da ke yawan zuwa mana ita ce: tunda ana sayensu, kuma an ce itacen yana shinge, me zai hana a kawo iri a shuka a arewa? To, kafin mutum ya zuba kuɗinsa, bari mu san itacen tukuna.

Masana tsirrai suna kiransa Guilandina bonduc, a tsofaffin littattafai kuma Caesalpinia bonduc. Dangin wake ne, gida ɗaya da gawo, bagaruwa, tsamiya da kalgo. Ba ya miƙewa tsaye kamar bishiya. Kwanciya yake yi ya bazu, in ya samu abin kamawa ya hau, kamar dai sarƙaƙiya da kuka sani a bakin fadama. Jikinsa duk ƙaya ce mai lanƙwasa kamar ƙugiya, har a ƙarƙashin ganye. Furensa rawaya ne. Kwansonsa ma ƙaya ce ta rufe shi, a ciki kuma ƙwallo ɗaya ko biyu kawai.

Gidansa na asali bakin teku ne, a ƙasashe masu zafi kusan ko'ina a duniya: Afirka, Indiya, tsibiran Karibiyan. Abin da ya yaɗa shi haka shi ne ɓawon ƙwallon. Ruwa ba ya ratsa shi, kuma yana yawo a saman ruwa ba ya nitsewa. Sai ya faɗa teku ya yi watanni, har shekaru, igiyar ruwa tana ɗauke da shi. Ana tsintar irin waɗannan ƙwallaye a gaɓar Ailan da Sikotilan, inda itacen ba ya fita saboda sanyi, bayan sun ƙetaro tekun Atilantika daga Karibiyan.

Yanzu ga abin da yake bukata. Yana son rana sosai, ba ya son inuwa. Yana son ƙasa mai yashi wadda ruwa ke wucewa, ba laka mai riƙe ruwa ba. Yana jure gishiri, a ƙasa da kuma a iskar teku, abin da yawancin tsirrai ba sa iyawa. Wani zai ce ai rana da yashi muna da su har sun yi yawa. Gaskiya ne, amma saura ruwa. Legas tana samun ruwan sama fiye da milimita 1,500 a shekara, ga laima a iska kusan kullum. Maraɗi kuwa wajen 500 ne, cikin wata uku zuwa huɗu, sannan hunturu da bazara su biyo baya. A cikin ƙasar Yarabawa, nesa da teku, ana shuka shi a bayan gida yana yi, don akwai damina mai tsawo. Amma a Jibiya, Ƙonni ko Maigatari, in ba kusa da rijiya ko lambu ba inda za a riƙa ba shi ruwa da rani, wahala ce kawai.

Wanda yake da wurin da ya dace, ga abu biyu da zai kula. Na farko, in ka binne ƙwallon yadda yake, zai iya daɗewa a ƙasa bai tsiro ba. Sai ka goga gefe ɗaya a dutse ko da zarto har ɓawon ya ɗan buɗe, ka jiƙa shi kwana ɗaya, sannan ka shuka. Makiyaya kun san wannan hikimar: 'ya'yan gawo da bagaruwa sun fi tsira bayan sun bi ta cikin akuya, saboda ɓawon ya yi laushi. Na biyu, galibi akwai namiji akwai mace a itacen nan. In ka shuka ɗaya tak, kana iya ganin fure shekara da shekaru ba ƙwallo. Don haka a shuka da dama kusa da juna.

Makiyaya, ku ji nan da kyau. Kada jin cewa dangin gawo ne ya ruɗe ku, kama da wane ba ta wane. Gawo yana ba ku ganye da 'ya'ya a tsakiyar rani, yana kuma gyara gona. Wannan kuwa ba itacen kiwo ba ne. Ƙayarsa tana kama gashin tunkiya, tana yagar nono da kunnen dabba, kuma in ya yi kurmi sai da adda. In kun gangara kudu da garke kuka gan shi a matsayin shinge, ku kauce da dabbobi, don shinge alama ce ta gonar wani. Wanda kuma zai shuka shi, kada ya sa shi bakin burtali ko hanyar mashaya.

Fatake, ribarku tana cikin ƙwallon. Kaya ne marar nauyi, ba ya ruɓewa da wuri, kuma masu wasa suna saye saiti-saiti, 48 cif. Ku zaɓi busassu masu girma ɗaya, marasa tsaga. Sai dai gargaɗi ɗaya: cikin ƙwallon yana da ɗaci ƙwarai, kuma a Indiya da wasu wurare an daɗe ana amfani da shi a maganin gargajiya na zazzaɓi. Wannan ba dalili ba ne da za ku sayar wa mutane shi a matsayin maganin maleriya. Mai zazzaɓi, musamman yaro da mai ciki, asibiti ya kamata ya nufa a yi masa gwaji.

Mai neman shinge ko abincin dabba a arewa ya riƙe abin da ƙasarsa ta sani: bagaruwa, aduwa, magarya da gawo. A mako mai zuwa za mu yi bayanin yadda ake renon gawo a gona ba tare da shuka sabo ba.