JAWABI A KAN TSABTACE GURƁATACCIYAR ƘASA DA ƘWAYOYIN BAKTERIYA



Tun daga shekarar 1976 da aka kafa dokar gina sabon babban birni a Abuja, har zuwa ranar 12 ga Disamba 1991 da Gwamnatin Tarayya ta taso daga Ikko, gine-gine da tituna su ne suka ɗauke hankalin kowa. Wannan jawabi kuwa a kan abin da ke ƙarƙashinsu ne. Ruwan famfo na madatsar Usuma bai kai kowane gida ba, saboda haka iyalai masu yawa a Nyanya da Karu da Lugbe sun dogara ga rijiyar burtsatse da 'yan garuwa. Abin da aka zubar a ƙasa kuwa, in ba a yi hattara ba, cikin wannan ruwa yake ƙarewa.

Masana'antu da garejin makanikai da masu fenti da masu wankin tufafi da injin da ba ya amfani da ruwa, duk suna aiki da waɗansu sinadarai masu narkar da maiƙo. Ɗaya daga cikinsu shi ne wanda masana ke taƙaita sunansa TCE, wanda aka tabbatar yana jawo ciwon dajin ƙoda. Fetur yakan yi iyo a bisa ruwa, amma shi TCE ya fi ruwa nauyi. In ya tsiyaya sai ya nutse har ya kwanta a kan dutsen ƙarƙashin ƙasa, ya yi ta narkewa kaɗan kaɗan shekara da shekaru, mai rijiya yana sha bai sani ba.

Nijeriya ta ga illar irin wannan guba a 1988, sa'ad da aka gano dubban gangunan sharar masana'antu da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko, cikin tsohuwar Jihar Bendel. Wannan ne ya sa aka kafa Doka ta 42 ta haramta irin wannan shara, da Doka ta 58 wadda ta kafa hukumar FEPA. A 1999 aka yi Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, a 2007 kuma hukumar NESREA.

To, yaya ake warkar da ƙasar da ta riga ta sha guba? Allah cikin ikonsa ya halicci ƙwayoyin bakteriya, waɗanda ido ba ya gani, har waɗansunsu sun mai da gubar abincinsu. Masu cin fetur da gas da baƙin mai iska suke bukata. Saboda haka sai a kafce ƙasar, a zuba mata taki, a riƙa yayyafa ruwa ana juya ta, kamar dai yadda manomi ke gyaran lambu.

Na TCE dabam suke. A 1997 masana a Jami'ar Cornell ta Amurka suka ba da labarin wata ƙwaya, wadda ake kira Dehalococcoides, mai rayuwa inda babu iska sam. Aikinta shi ne ta riƙa cire sinadarin kulorin daga jikin gubar ɗaya bayan ɗaya, har abin ya koma wata iska marar lahani da ake kira etin. Akan haƙa ƙananan rijiyoyi a ɗura man girki ko ruwan rake mai kauri, waɗansu ƙwayoyi su ruɓar da shi, su fitar da iskar haidirojin, ita kuma Dehalococcoides ta yi aiki da ita. Inda babu ita a ƙasar, sai a rene ta a ɗakin bincike a kawo. Sai dai akwai haɗari babba: in aikin ya tsaya a tsakiya, abin da ke saura shi ne binil kulorayid, wanda ke jawo ciwon dajin hanta. Gyaran gangar auzinawa ke nan. Don haka tilas ne a riƙa ɗiban ruwan ana aunawa, wata da watanni, wani lokaci shekaru.

Kada kuwa a ɗauka aikin mai sauƙi ne. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya a kan ƙasar Ogoni, wanda aka miƙa wa Shugaba Goodluck Jonathan nan Abuja ranar 4 ga Agusta 2011, ya nuna kafce saman ƙasa bai wadatar ba, domin a wurare da dama man ya kutsa har zurfin mita 5. A Nisisioken Ogale an sami sinadarin benzin cikin rijiyoyin sha ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900. Rahoton ya ce farfaɗo da yankin zai ci shekara 25 zuwa 30.

Har wa yau, bakteriya ba sa iya hallaka ƙarfe. Gubar dalma da ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, sai da aka kankare ƙasar gidaje aka binne ta nesa. Haka kuma sinadarin kuromiyam na masana'antun jima a Challawa da Sharaɗa a Kano: ana iya sauya masa kama, amma yana nan.

Saboda haka ana roƙon mai gareji da mai masana'anta su tara ragowar sinadari da baƙin mai cikin ganga mai murfi, kada a tuttule su a kwata ko a rami. Wanda kuma ya ji ruwan rijiyarsa yana warin fetur ko fenti, ya daina sha nan take, ya kai rahoto ga NESREA ko Hukumar Kare Muhalli ta Abuja, domin a zo a auna ruwan.