Jawabin Bikin Cikar Shekara: Ledar Da Muke Hura Wuta Da Ita



Kowace Talata in kasuwa ta watse, mu muke share rumfuna, mun san yawan ledar da ake bari. Iska ta kwashe ta zuwa magudanan ruwan Bakolori, akuya ta haɗiya ta yi ta ramewa har ta mutu. Sauran kuma, mu faɗi gaskiya, da ita muke hura gawayi, goyo a baya yana shaƙar hayaƙin.

A ajin yaƙi da jahilci muka fara jin cewa leda daga ɗanyen mai da iskar gas aka yi ta, kuma ana iya mayar da ita mai. Ba ƙona ta ake yi ba. Ana zuba ta a tukunyar ƙarfe, a rufe ruf yadda iska ba ta shiga, a ba ta zafi wajen digiri 400 zuwa 500. Sai ta narke ta zama tururi, tururin ya bi bututu mai sanyi ya ɗiga, kamar yadda ruwa ke taruwa a murfin tukunya. A ciki ana sa wani sinadari, ziyolait, aikinsa irin na kanwa a wake: ya rage wuta, ya gaggauta aiki. Masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, sun haɗa shi daga farar ƙasar Ƙanƙara, nan Katsina.

Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, mun ga yadda injin ban-ruwa ke cinye ribar albasa da shinkafa. Shi ya sa maganar ta shiga ranmu.

Amma don Allah kada wata ta kafa duro a bayan ɗaki. Tururin yana kamawa da wuta, man kuma sai an tace kafin inji ya sha. Robar bututun famfo guba take fitarwa, gorar ruwa ba ta ba da mai sosai. Ledar fiya-wata ita ce mai kyau.

Namu aikin tarawa da warewa ne. Shawararmu, a tura mata uku Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau su tambayo ko akwai mai son gwadawa da ledarmu. Kafin nan, daga Talata mai zuwa kowace rumfa ta rataya buhu biyu, na ledar ruwa daban, na gora daban.